Harshen Damo a Takardar Manhaja: Wa Ke Yanke wa Mutanen Gwange Hukunci?

Kusan duk manhajar da ka gani, ta banki ce, ta asibiti ce, ko wadda ke cikin wayar matashin da ke rajistar mutane a layin tallafi, da takarda ta fara. Kafin injiniya ya taɓa kwamfuta, sai an sami wanda ya zauna ya rubuta da harshen mutane abin da ake so manhajar ta yi: wa za ta karɓa, wa za ta ƙi, nawa za ta biya, yaushe za ta rufe. Ita ce ake kira takardar buƙatu. Talaka bai taɓa ganinta ba, bai ma san da zamanta ba, amma sau da yawa a cikinta ake yanke masa hukunci. Idan jimla guda ta zo da harshen damo, dole wani ya zaɓi ma'ana ɗaya, domin kwamfuta ba ta san "wataƙila" ba. Mai zaɓen nan kuwa galibi wani matashin injiniya ne a Legas ko Abuja, da tsakar dare, wa'adin aiki na binsa, ya ɗauki ma'anar da ta fara faɗo masa ya wuce.

Kusan shekara talatin ke nan masana kwamfuta suna ƙera na'urorin da za su karanta irin wannan takarda su tono jimlolin da ke da baki biyu tun kafin a fara aiki. Ra'ayina shi ne muna buƙatar waɗannan na'urori, kuma ya kamata a wajabta su a kwangilolin gwamnati da na ƙungiyoyin agaji. Sai dai shubuhar da ta fi cutar da mutanenmu ba ita ce na'ura ke kamawa ba. Wannan sai an kira masu unguwa an karanta musu takardar.

Ɗan Nijeriya ba baƙon wannan matsala ba ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta 1979, doka ta ce sai ɗan takara ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohin ƙasar. Jihohi 19 ne a lokacin, kuma 19 ba ta rabuwa uku daidai. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano ya yi rinjaye, kashi 19.94 cikin ɗari ya samu. Cif Obafemi Awolowo ya ce kashi biyu bisa uku na 19 jihohi 13 ne, tunda ba a gutsura jiha. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a'a, 12 ne da biyu bisa uku, don haka abin da ake nema a Kano rubu'in kashi biyu bisa uku na ƙuri'unta ne kawai. Ranar 26 ga Satumba Kotun Ƙoli ta bai wa Shagari gaskiya, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa 'yan'uwansa. Bayan shekara 44, a wani zaɓen shugaban ƙasa, aka sake faɗawa irin wannan rami, a kan ɗan harafin da ya haɗa jihohi da Abuja a sashe na 134 na tsarin mulki: shin Abuja ɗaya ce cikin jihohin da ake ƙirgawa, ko sharaɗi ce mai zaman kanta? Sai 26 ga Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta rufe maganar, ta ce Abuja ba ta da wani fifiko a kan sauran.

Ko ka yarda da hukunce-hukuncen nan ko ba ka yarda ba, a fili aka yi su. Lauyoyi sun yi muhawara, jaridu sun buga, wanda ya sha kaye ya san dalili. Da a ce wancan sharaɗi na 1979 a takardar manhaja yake, da injiniya ya raba 19 ya ɗaga sakamakon zuwa 13, ko ya sauke shi zuwa 12, gwargwadon abin da hannunsa ya saba, kuma babu wanda zai san an yi wani zaɓi. Bambancin shubuhar doka da ta manhaja ke nan. Ta farko tana da kotu, ta biyu ba ta da ita.

Mu sauko Gwange. A daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliyar da Maiduguri ba ta ga irinta ba tun 1994. Gwange, da ke kwance a bakin kogin, tana cikin unguwannin da suka fi shan wuya. Ruwa ya shiga Kasuwar Monday, da fadar Shehu, da asibitin koyarwa, aka sake buɗe sansanin Bakassi don tsugunar da mutane. Da ruwa ya janye sai aka shiga zangon da ke biyo bayan kowace musiba a zamanin nan, wato rajista: suna, lambar waya, lambar asusu, hoto. Tun shekarun gudun hijira mutanen Borno suka saba da wannan, domin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su WFP da IOM sun daɗe suna ɗaukar zanen yatsu da bayanan jama'a a kwamfuta kafin rabon abinci ko kuɗi.

To, a ce an ba injiniya wannan jimla, wadda ni na tsara ta don misali: "Manhaja za ta ba kowane gida da ambaliya ta shafa a Gwange tallafi sau ɗaya." Duk wanda ya karanta zai ce ai magana ta fito sarari. Amma mene ne gida? Ga gini nan mai zaure ɗaya da ƙofa ɗaya, ɗakuna goma sha biyu a ciki, kowane ɗaki da ɗan haya da iyalinsa, mai ginin kuma yana can wata unguwa. Ga magidanci mai mata uku, kowace da tukunyarta. Ga bazawara da marayu huɗu a ɗakin da yayanta ya ba ta. Idan injiniya ya ɗauki gida a matsayin adireshi, ɗan hayar da ya riga zuwa ya toshe wa sha ɗaya hanya. Dattijo zai yini a rana, layi ya iso kansa, yaron da ke riƙe da wayar ya danna, ya sake dannawa, ya juyo masa da fuskarta ya ce: "Baba, ka gani, ta ce an riga an yi wa gidan nan. Wallahi ba ni ba ne, na'ura ce ta ƙi." Gaskiya yaron ya faɗa. Abin da bai sani ba shi ne, ita ma na'urar ba ita ta yanke ba.

Haka sauran kalmomin jimlar. "Ta shafa" ya haɗa da wanda ruwa ya tsaya masa a idon sawu, da wanda katangarsa ta zube, da wanda ɗakinsa bai jiƙe ba amma jarinsa kaf ya narke a shago? "A Gwange" na nufin wanda ke zaune a can ranar ambaliya, ko wanda aka tarar ranar rajista, alhali da yawa sun koma wurin dangi? "Sau ɗaya" da me za a gane shi, lambar waya ko lambar NIN, a unguwar da mata da yawa ke amfani da wayar miji ko ta ɗa? Gajeriyar jimla guda, ga hukunci huɗu a ɓoye a cikinta, kowanne kuma abincin wani ne.

Wanda ya taɓa zaryar gyaran suna tsakanin banki da ofishin katin ɗan ƙasa ya ɗanɗani irin wannan. An ƙaddamar da BVN a Fabrairun 2014, aka ba da umarnin haɗa layukan waya da NIN a Disambar 2020, JAMB ta wajabta NIN daga 2021. Duk tsare-tsaren nan suna so suna ya dace da suna. Amma me "dacewa" ke nufi a ƙasar da mutum ɗaya yake Muhammad a makaranta, Mohammed a banki, Modu a gida, mahaifinsa kuma Abubakar ne a wata takarda, Bukar a wata? Fom ɗin yana neman sunan dangi, mu kuwa da sunan uba muka saba, wani ya sa na kaka, wani na garinsu. Wanda ya rubuta sharaɗin yana da amsa a kansa, sai dai amsar wata al'ada ce.

Yanzu, me na'urorin gano shubuha ke iyawa? Na farkonsu masu sauƙi ne. A shekarun 1990 hukumar NASA ta Amurka ta ƙera wata mai suna ARM, wadda ke bin takarda tana ƙirga kalmomin umarni, tana kuma ja wa raunanan kalmomi layi, irin su "isasshe", "yadda ya dace", "a kan lokaci", da wuraren da aka rubuta cewa za a cike daga baya. A farkon shekarun 2000 masu bincike a Pisa ta Italiya suka fito da QuARS, mai farautar kalmomin ra'ayi, da na zaɓi, da wakilin sunan da ba a san wa yake nufi ba. A 2003 Daniel Berry da Erik Kamsties da Michael Krieger suka rubuta jagora a kan tushen shubuha a harshe, suka ɗora ta a kan darasin da lauyoyi suka koya wajen rubuta yarjejeniya. Masana suna karkasa matsalar gida-gida: kalma mai ma'ana biyu, ginin jimla mai karantuwa ta fuska biyu, kalmar adadi irin "duk" da "kowane" da ba a san iyakarta ba, kalmar da ba ta da ma'auni, sai kuma wadda ma'anarta ta rataya a kan wanda ke karantawa.

Matsalar na'urorin farko ita ce yawan ihu. Kusan kowace jimla ta ɗan Adam tana iya ɗaukar ma'ana biyu idan aka matsa mata, kuma na'urar da ke ja wa rabin takarda jan layi, kwana kaɗan za a daina kula ta. Shi ya sa aikin da Francis Chantree da abokansa suka yi a Open University ta Ingila a 2006 yake da muhimmanci. Sun raba shubuha biyu, mai cutarwa da marar cutarwa, kuma ma'auninsu mutane ne. A ba mutane da dama jimla guda, idan duk suka fahimce ta iri ɗaya, a bar ta ko da nahawu ya ce tana da fuska biyu. Idan suka rabu, to nan haɗari yake, musamman in kowannensu ya tabbata cewa tasa fahimtar ce kaɗai. Daga nan suka koya wa kwamfuta ta yi hasashen jimlolin da za su raba kan masu karatu. Ɗauki "zawarawa da marayu 'yan ƙasa da shekara 18". Kowa ya san marayun ake nufi da shekarun. Amma "mata da matasa marasa aikin yi" fa? Duk mata, ko marasa aikin kaɗai? Irin wannan na'ura na iya kamawa cikin daƙiƙa, kuma kama ta a takarda ya fi arha nesa ba kusa ba. Tun 1981 Barry Boehm ya nuna cewa kuskuren da aka bari har manhaja ta fara aiki, gyaransa na iya ninka na matakin takarda har sau ɗari.

Wasu kuma suka ce rigakafi ya fi magani, a ɗaure hannun marubuci tun farko. A 1997 Scott Bradner ya fitar da ƙa'idar da masu tsara dokokin intanet ke bi har yau, wadda ta tsayar da ma'anar kalmomin wajibi, da na abin da ake so, da na abin da aka bar wa zaɓi. A 2009 Alistair Mavin da abokan aikinsa a kamfanin Rolls-Royce suka fito da tsarin EARS, wanda ke tilasta kowace buƙata ta shiga ɗaya daga 'yan ƙirar jimla ƙalilan: idan kaza ya faru, manhaja za ta yi kaza, muddin ana cikin hali kaza, za ta yi kaza. Wanda aka sa ya rubuta haka, dole ya faɗi abin da zai faru idan mutum biyu suka kawo adireshi ɗaya.

Almajirin fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, balle a Borno da aka san ta da karatu. Malaman usulu sun daɗe da bambanta lafazin da ba ya ɗaukar tawili, da wanda ke da ma'ana mai rinjaye, da dunƙulalle mai jiran bayani, da wanda ma'anoni biyu suka yi tarayya a cikinsa. Saɓanin Malikawa da Hanafawa a kan ƙirgen iddar matar da aka saki, da tsarki ne ko da haila, daga kalma ɗaya ya taso. Abin koyi shi ne ba su ɓoye saɓanin ba. Sun rubuta shi, kowa ya kawo hujjarsa, ɗalibi ya san akwai wani ƙauli.

To ina na'ura ta gaza? Koma wa jimlar Gwange. Na'ura za ta iya tsayawa a kan "kowane" da "ta shafa". Amma kalmar da ta fi kowace haɗari, wato "gida", za ta wuce ta salin-alin, domin a nahawu ba ta da aibu. Wanda ya rubuta ya san abin da yake nufi, injiniya ya san abin da ya fahimta, jami'in da ya sa hannu shi ma haka, kuma wataƙila su ukun sun yi daidai da juna, tunda rayuwarsu iri ɗaya ce: miji, mata, 'ya'ya, ƙofa da lamba. Shubuhar ba ta bayyana sai takardar ta gamu da zauren Gwange. Idan ma'aunin shubuha mai cutarwa shi ne rabuwar masu karatu, to sakamakon ya dogara ne da waɗanda aka ba karatun. Ka ba injiniyoyi goma, su haɗu a kan ma'ana ɗaya. Ka ƙara bulama ɗaya da ungozoma ɗaya, ka ji tambayoyin da ba su zo wa kowa ba.

Ga kuma batun harshe. Kusan duk na'urorin nan don Ingilishi aka gina su. Takardunmu ma da Ingilishi ake rubuta su, amma aikin da Hausa da Kanuri ake yin sa, ma'aikacin rajista na fassara tambaya a tsaye, kowa da irin tasa. Rubutacciyar Hausa kuma tana da nata tarkon, domin ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali, sannan a waya yawanci ana zubar da ƙugiyar haruffa, sai "baƙi" ya koma "baki", "ƙasa" ta koma "kasa". Masu bincike irin na ƙungiyar HausaNLP sun fara tara wa kwamfuta taskar Hausa, amma tafiyar da sauran nisa, ta Kanuri kuma ta fi nisa.

Wani zai ce ai yanzu ga ƙirƙirarriyar basira, tun da ChatGPT ya fito a Nuwambar 2022 komai ya sauya. Lallai irin waɗannan manhajoji sun fi na da fahimtar jimla, kuma idan ka ce su jero maka duk fuskokin da magana za ta iya ɗauka, sukan yi abin kirki. Amma ɗabi'arsu ita ce su ba da amsa. Ka kai wa tela yadi ka ce ya ɗinka maka riga, zai tambaye ka wace iri, ya ɗauko awo. Ita basirar nan, in ba ka hana ta ba, sai ta yanka yadin. Yau ana miƙa mata jimla ta mayar da ita manhaja kai tsaye, wato har ɗan injiniyan da wata rana zai iya ɗaga waya ya yi tambaya an cire shi daga tsakani. Saurin ya ƙaru, wurin tsayawa a yi tambaya ya ragu.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a raina ta ba. Wani lokaci da gangan ake barin magana a buɗe, don ma'aikaci ya sami sararin duba halin wanda ke gabansa, kuma a lokacin musiba babu wanda ke da mako uku na muhawara a kan ma'anar gida alhali yara na kwana da yunwa. Na yarda. Amma manhaja ba ta barin magana a buɗe, rufe ta take yi, ta kuma ƙwace wa ma'aikacin sararin da aka so ba shi. In ana son a bar wa mutum hukunci, sai a rubuta ƙarara cewa a nan manhaja za ta tsaya ta miƙa wa jami'i kaza, ya yanke, ya rubuta dalili. Batun gaggawa kuma, ai ba ranar ambaliya ake fara tunani ba. Tsakanin 1994 da 2024 shekara 30 ce.

Abin yi a bayyane yake. Hukumar NITDA, wadda dama ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatun tarayya, ta sa sharaɗin cewa duk takardar buƙatu sai an bi ta da na'urar gano shubuha, a haɗa rahoton da takardun kwangila. Gwamnatin Borno da ƙungiyoyin agaji su yi haka a nasu ayyukan. Kowace takarda ta zo da jerin ma'anonin kalmominta, da Ingilishi da Hausa da Kanuri, kuma kowace ƙa'ida a gwada ta da misalai na gaske: gidan haya, gidan mata uku, bazawara, almajiri, wanda ba shi da waya. Kafin a fara gini, a karanta ƙa'idojin a gaban lawani da bulamai da shugabannin mata na unguwar da abin ya shafa, duk inda suka rabu a koma a gyara. Ƙa'idar cancanta a manna ta a bango inda kowa zai gani. Sannan a bar ƙofar ƙorafi wadda mutum ke zaune a bayanta, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba ɗan ƙasa haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi. Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat kuma su koya wa ɗaliban kwamfuta rubuta buƙatu da yin tambaya kamar yadda suke koya musu rubuta umarni, su kuma ɗauki gina irin wannan na'ura ta Hausa da Kanuri a matsayin aikin bincike.

Ga matasanmu masu rubuta manhaja, idan kun ci karo da jimla mai fuska biyu, kada ku zaɓa a ɓoye. Ku mayar da ita ga wanda ya rubuta, ya zaɓa da sunansa, ya sa hannu. Ku kuma masu ba da kwangila, ku sani cewa "na'ura ce ta ƙi" ba uzuri ba ne. Duk abin da na'ura ta ƙi, mutum ne ya ce ta ƙi, kuma jama'a suna da haƙƙin sanin ko wane ne.